Gurbin Surayya da Girman Alhaji

Danau Kota, Kuala Lumpur
Farkon Nuwamba

Ƙanwata Hafsa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da Zaid da ƙannensa. Yaya ƙafar Mama? Ki ce mata na sani sarai ba ta shan maganin sai in kina tsaye a kanta. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama kowace la'asar.

Na ga saƙonki cewa Zaid yana son neman jami'a a Amurka baɗi, har kika ce in dai ya samu gurbi sauran mai sauƙi ne. Hafsa, a nan kusan kowa yake ruɗewa, har iyayen da suka yi boko mai zurfi. Ana ɗauka a fara samun gurbi, maganar kuɗi a yi ta daga baya. A can tare suke tafiya. Bari in yi miki bayani, don aikina ke nan a kwalejinmu, kuma ina jin daɗinsa.

Akwai abin da ake kira neman wuri. Ɗalibi zai zaɓi jami'a ɗaya tak, ya tura takardunsa yanzu, ya sa hannu cewa in sun ɗauke shi can zai tafi, ya haƙura da sauran. Amsa tana zuwa tsakiyar Disamba. A cikin fom ɗin akwai tambaya guda: kana neman tallafin kuɗin karatu? In ka ce e, iyayenka za su bayyana abin da suke samu, da shaidar banki. In ka ce a'a, jami'o'i da yawa ba sa sake sauraron ɗalibin ƙasar waje a kan maganar har ya gama.

Ina da ɗaliba, Surayya. Yarinya ce mai son ilimin sinadarai kamar me. In ta fara yi miki bayanin yadda ake tace ruwan sha sai kin roƙe ta ta numfasa. Ta tura nata shekaran jiya, kuma a wurin wannan tambayar an ce a'a. Ba ita ta zaɓa ba. Mahaifinta ne, Alhaji Zahraddeen, mai harkar tura kaya daga nan zuwa Kano, wanda 'yan Najeriyar garin nan suke kira Ciyaman ko da yake ban san ƙungiyar da ta zaɓe shi ba. Na kira shi ofis na yi masa bayanin da na yi miki, har sau biyu. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Malama, ni Zahraddeen zan zauna in rubuta wa Bature abin da ke asusuna, ya duba ya tausaya min? Sadaka ake nema wa 'yata?" Na ce Alhaji, kuɗin shekara ɗaya a can ya sayi gida mai kyau a Kaduna. Ya ce, "Boleh, boleh," kamar yadda 'yan ƙasar nan ke cewa in abu zai yiwu, ya tashi ya bar min ƙamshin turare.

Wataƙila yana da su. Allah ya sa. Amma na daɗe ina ganin masu kuɗi na gaske, kuma su ne suka fi kowa tambayar ragi.

Ki gaida kowa.

Yayarki,
Bashira

Danau Kota
Ƙarshen Nuwamba

Hafsa tawa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin jin Mama ta fara taka ƙafar har ƙofar gida. Ki ce wa Zaid rubutun da ya turo min ya yi kyau, amma ya cire manyan kalmomin da ya aro, nasa sun fi daɗi.

Alhaji ba shi da kuɗin nan, Hafsa.

Ranar Asabar na haɗu da Hajiya Walida, mahaifiyar Surayya, a kasuwar Chow Kit wajen masu kifi. Ta ja ni gefe, ruwan ƙanƙara yana bin ƙafafunmu, ta faɗa min abin da rabin garin nan ya sani amma kowa ya yi shiru. Tun da naira ta faɗi 'yan kasuwar Kano suka daina saro kaya daga nan. An rufe ofishin Alhaji tun kafin azumi. Awarwaronta ta sayar aka biya wa Surayya zangon ƙarshe a kwalejinmu. Ta riƙe min hannu ta ce, "Malama, ki rufa mana asiri, amma ki yi wani abu."

Akwai abin yi kuwa. Na bincika, wannan jami'ar tana yarda a canza amsar muddin ba su yanke hukunci ba. Imel ne na layi uku, sai takardun bankin uba da sa hannunsa. Na rubuta imel ɗin da kaina, na tafi neman Alhaji.

Na same shi a mamak ɗin ƙasan gininsu, wato shagon shayi da abinci na Indiyawan nan, inda yake zaman fada kullum. Samari sun kewaye shi, kowa da kofin shayinsa, shi kuma yana ɗaga wa mai shago hannu a ƙara, a rubuta a kansa. Yana ba su labarin sanyin garin da Surayya za ta, kai ka ce shi ya gina jami'ar. Na jira ya fito, na yi masa magana a hankali, ban ko ambaci Hajiya ba.

Sai ya kawo hujja, kuma zan yi masa adalci, hujjar gaskiya ce. Ya ce ya ji cewa mai neman tallafi damarsa ta samun gurbi tana raguwa. Haka ne, a jami'o'i da yawa haka ne, kuma ke ma ki sani saboda Zaid. Abin da ake aunawa ke nan: ka nemi tallafi, ƙofar ta ƙara matsewa, amma in ka shiga ka shiga, ko ka ƙi nema, su buɗe maka, ka tsaya a bakin ƙofa kana lalube aljihu. Na ce Alhaji, me yarinya za ta yi da gurbin da ba za a iya biya ba? Ya ce, "Malama, ke dai ki koyar. Kafin Disamba akwai kwantenar da za ta sauka." Wannan kwantenar, in ji Hajiya, tun bara take sauka.

Abin da ke ba ni haushi, mutumin nan ba mugu ba ne. Yana son 'yarsa. Sai dai ya fi son kallon da samarin teburin nan suke yi masa, samarin da ko kuɗin shayinsu ba sa biya. Wani ma'aikaci a wata ƙasa, wanda bai san Ciyaman daga direban tasi ba, shi ne Alhaji yake jin kunyar ya ga asusunsa.

Ita kuwa Surayya jira take. Tana duba wayarta tsakanin darasi da darasi ko da yake ta san da sauran lokaci. Ta rame. Jiya na sayo mata roti, burodin Indiyawan nan, na ajiye a gabanta na ce ba ta fita sai ta cinye. Tana ci ta tambaye ni, "Malama, haramun ne mutum ya yi addu'a kada a ɗauke shi?"

Ku sa ta a addu'a.

Taki,
Bashira

Danau Kota
Tsakiyar Disamba

Hafsa,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kuna lafiya ke da yara.

Sun ɗauki Surayya. Na rungume ta a ofis, don ta cancanta, kuma wannan ba wanda zai ƙwace mata. Ƙawarta Caroline, 'yar Filato, wadda mahaifinta ya turo duk takardunsa har da na fansho ya nemi tallafi, ita ba a ɗauke ta ba a wannan zagayen. Ta yi kuka, muka share hawaye, muka zauna muka fara cika fom na wasu jami'o'i guda biyar kafin Janairu.

Alhaji ya yi walima a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Shinkafa da rago tire-tire, masu ɗaukar hoto, jawabai. Ban san da me ya biya ba, ban kuma ga 'yan kunnen Hajiya ba. Ya hango ni ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Malama, ina labarin wadda ta nemi tallafin? Da na bi taki da yanzu muna zaman makoki!" Aka yi dariya. Surayya tana zaune a tsakiya cikin leshi sabo, ta sa cokali a shinkafa tana juyawa.

An ba su zuwa farkon wata su biya kuɗin kama gurbi, sannan su nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin a yi maganar biza.

Sai na sake rubutowa.

Bashira

Danau Kota
Ƙarshen Janairu

Ƙanwata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ki yafe min shirun da na yi. Ina fatan Mama tana ƙara samun sauƙi, kuma Zaid ya fara zangonsa lafiya.

Ranar biya ta zo ta wuce. Kafin ta wuce na roƙi Alhaji ya bar Surayya ta nemi jami'ar ta sake ta daga alkawarin da ta sa wa hannu, ta nemi wasu da tallafi tun lokaci bai ƙure ba. Kullum sai ya ce gobe. Da goben ta ƙare, Surayya ta rubuta wa jami'ar da kanta, ta faɗi gaskiyar halin gidansu, ta tambaya ko za a duba ta. Suka amsa cikin ladabi cewa dokarsu ba ta bari, suka sake ta, suka yi mata fatan alheri. A lokacin sauran jami'o'in duk sun rufe karɓa.

Yanzu ki ji yadda Ciyaman ya fita. Ranar Juma'a bayan an sauko, a harabar masallaci, ya tara mutane ya ce ya yi istihara, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Wai ba zai tura 'ya mace ita kaɗai ƙasar da ba tarbiyya ba, ko da kyauta ne, balle kuɗi ba matsalarsa ba ne. Hafsa, sai ga kabbara. Wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan. A zauren matan unguwa na waya ana ta yaɗa maganar, ana cewa a yi koyi. Mutanen da suka san an rufe ofishinsa, su ne a gaba wajen yabo. Sun ci ragonsa, sun biya shi da abin da ya fi so. Ko mutum ɗaya bai tambayi yarinyar ba.

Caroline tana jiran amsoshinta a watan Maris, ban san me zai fito ba. Surayya za ta shiga wata jami'a a nan Setapak, na samo mata ragin da suke ba masu sakamako mai kyau, wanda ba ya buƙatar takardar kowa. Ba su da ɗakin gwaji irin wanda ta yi mafarki. Za ta yi karatu, na san ta, kuma zan tsaya mata in lokacin digiri na biyu ya yi, lokacin da sa hannunta kaɗai ya isa. Amma ta daina yi min bayanin tace ruwa. In na tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, Malama," ta wuce.

To, ga abin da nake so ki yi, kuma kada ki jira sai lokacin neman ya zo. Kusan kowace jami'a a can tana da shafin da iyaye za su sa abin da suke samu, ya ƙiyasta musu abin da za su biya. Ba don 'yan waje aka yi shi ba, amma zai nuna muku hanya. Ki zaunar da Baban Zaid bayan cin abinci, Zaid ɗin yana wurin, ki buɗe shafin, ki tambaye shi kai tsaye nawa yake samu a shekara. Ki kalli fuskarsa. In ya faɗa, ko da yana gumi, ku ci gaba, ni kuma zan riƙe hannun Zaid har ƙarshe. In ya gyara hula ya ce Allah zai rufa asiri, ki rubuto min a ranar, tun yaron bai sa ransa a wani gari ba.

Ki gwada a makon nan. Ina jiran amsarki.

Yayarki mai ƙaunarki,
Bashira