Gara Ta Cinye Sunayen Sarakunan Rum

Birnin Gwari, Talata

Zuwa ga maigida, Malam Abarshi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya idon, yaya zaman asibitin Kaduna? Nafisat, ki karanta wa babanki a hankali.

Hanya ta buɗe, na bi motar kasuwa zuwa Gwaska. Gidanmu ya ƙone, amma gwangwanin yana nan inda ka binne shi a gindin rumbu ranar da muka gudu. Sulallan tagullar Rumawa da ka fara tarawa tun kana karatu a Tunis, ko ɗaya bai ɓata ba. Sai dai gara ta cinye takardun da ka rubuta sunayen sarakunan, komai ya cakuɗe. Na san ka ce ba za ka sake iya karanta su ba. Kada ka fasa aikin idon saboda baƙin ciki.

Matarka,
Adawiyya

Birnin Gwari, Asabar

Malam,

Ina gaisuwa. Da fatan jiki da sauƙi.

Maƙwabciyarmu Kadijatu ta kawo toka da lemun tsami za ta goge mana sulallan kamar tasa. Da ƙyar na ƙwace, don na tuna yadda kake faɗa in an taɓa koriyar tsatsar nan da ke jikinsu. Na jiƙa masu datti a man zaitun, ina sakace su da ƙayar bagaruwa.

Shekara da shekaru ina tankaɗe kana yi mini surutun waɗannan mutane da fuskokinsu ke jikin sulallan, ashe kunnena ya riƙe. Mai kaurin wuya kamar bijimi Nero ne. Mai gemu Hadrian, na tabbatar da haruffan gefe. Trajan ya wahalar da ni, rabin sunansa ya suɗe.

Taka,
Adawiyya

Birnin Gwari, Alhamis

Malam,

Alhamdu lillahi! Nafisat ta bugo waya cewa an cire bandeji, har ka soma ƙorafin fentin ɗakin. Barka, barka.

Ni ma ga nawa albishir: kowane sarki ya koma gidansa. Na ɗinka musu aljihuna a ƙyalle, na zana sunayen da zare. Har ƙaramin sulen nan mai ɓawo da ka haƙura da shi ya buɗe jiya. Hoton macen kyarkeci ne tana shayar da jarirai biyu, na zamanin Constantine.

Ka zo da sabon idonka ka duba aikina. In ka sami kuskure ko ɗaya, ka gyara. In ba ka samu ba, daga yau ni ce mai yin bayani, kai ka yi tankaɗe.

Matarka,
Adawiyya