Rasuwar Gwaggo Mai Shari'a da Ƙofar da Ta Bar Mana

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Mai Girma Shugaba da ɗaukacin mambobin Kwamitin Amintattu na Gidauniyar Mafaka da Natsuwa, da ma'aikatanta, da mazauna gidajenta, suna sanar da jama'a cewa labari mai ɗaci ya iso musu na rasuwar Mataimakiyar Shugaban Kwamitin, Mai Shari'a mai ritaya, uwa kuma abokiyar shawara, wadda kowa a gidauniyar nan, tun daga Shugaba har mai gadi, ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, iyalanta suna kewaye da ita, kuma tuni aka yi jana'izarta. Allah da Ya ara mana ita Shi ne Ya karɓi abinSa.

Muna sane da cewa wannan saƙo ya makara, kuma masoya da dama sun kira ofishinmu suna tambaya ko lafiya gidauniyar da marigayiyar ta yi wa hidima ta yi shiru haka. Muna ba iyalanta da jama'a haƙuri. Ba sakaci ba ne ya jawo jinkirin. Akwai mutum ɗaya a cikin mazauna gidajenmu wanda Kwamiti ya yanke cewa ba za a fitar da sanarwa ba sai ya ji labarin daga bakin mutum, domin rediyonsa ba ya mutuwa tun daga safe har yamma, kuma da ya ji rasuwar Gwaggo a tsakanin tallace-tallace, muna tsoron ɗakinsa ma zai iya rasawa a dalilin haka. Za mu yi bayani a ƙasa, da izininsa da kuma izinin iyalan marigayiyar.

Mai Shari'a ta yi shekaru masu yawa a kan kujerar alƙalanci kafin ta yi ritaya, abokan aikinta kuma sun fi mu cancantar ba da shaidar wannan zamani. Abin da muka sani shi ne hidimarta a nan. Muna so mu gyara wani kuskure da ya yaɗu cikin kyakkyawar niyya: ba ita ce ta kafa gidauniyar ba, ta same ta ne da gida ɗaya da rufi mai yoyo, kuma da tana raye da ita ce za ta fara cewa a gyara maganar. Haka nan ba ta taɓa zama Shugaba ba, sau biyu ana miƙa mata tana mayarwa, tana cewa ta gaji da zama a kujerar da ta fi ta kowa tsawo. Aikin amintattu aikin sa-kai ne, ba albashi, ba kuɗin zama. Su ne ke tsara dokokin gidajen da muke bai wa masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa waɗanda ba su da wurin kwana, su ne ke yanke wa zai samu ɗaki da wa zai jira, su ne kuma ke ɗaukar laifi idan wani abu ya lalace. Gwaggo ta ɗauki wannan nauyi fiye da shekara goma, tana zuwa zama da butar shayinta, domin a cewarta shayin ofishinmu ruwan wanke kofi ne da aka yi wa alfarma.

Ita ce ta hana a riƙa cewa "marasa lafiyarmu" a zaman Kwamiti. Ta ce mutumin da yake da makullin ɗakinsa a aljihu mai gida ne, kuma a kira shi da hakan. Daga nan ne ta kawo dokar da ta fi kowace doka wahalar da mu, wato cewa babu amintacce ko ma'aikacin da zai shiga ɗakin mazauni sai ya ƙwanƙwasa an ce masa ya shigo, in ba rai ne ke cikin haɗari ba, ko da kuwa makulli na biyu yana rataye a ofis. An yi muhawara mai zafi a kan wannan doka, musamman da Mai Girma Ma'aji, wanda ta laƙaba wa suna Mai Maƙo saboda ko tsintsiya za a saya sai an yi masa bayani, shi kuma yake kiranta Kotun Ƙoli saboda ba a ɗaukaka ƙara bayan ta yi magana. Sun yi shekaru suna wannan tsokana a gaban kowa, kuma ba a taɓa tashi daga zama ba tare da ta zuba masa shayi da hannunta ba.

A gidanmu na biyu, a ɗakin ƙarshe na baranda, kusa da famfo, akwai wani dattijo da makwabtansa ke kira Mai Agogo, domin gyaran agogo ce sana'arsa kafin lalura ta raba shi da rumfarsa. Tun da ya tare ya rufe ƙofa. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa, ya ɗauka idan baranda ta yi tsit. Ƙa'idarmu kuwa ta ce dole nas ta riƙa ganin kowane mazauni lokaci zuwa lokaci, wanda kuma ya ƙi a gan shi sai a mayar da shi asibiti a bai wa wani ɗakin, domin masu jira suna da yawa kuma su ma 'ya'yan wasu ne. Da maganarsa ta zo gaban Kwamiti, mafi yawan amintattu sun ga babu makawa, kuma ba mugunta ce ta sa su ba. Gwaggo ta roƙi a ba ta lokaci.

Abin da ta yi ba wani abin mamaki ba ne a ido. Kowane mako takan zo da hantsi, ta jawo kujerar roba, ta ƙwanƙwasa, ta zauna tana magana da katako. Tana ba shi labarin gidanta kamar wanda suka tashi tare: jikarta da ta ƙi makaranta, tsadar kayan miya, da maigidanta Malam, wanda kullum sai ya tayar da gida neman tabaransa alhali yana goshinsa. An daɗe ba a amsa mata ba. Daga baya ta fara zuwa da matattun agoguna, nata da na ƙawayenta da na duk wanda ya yi kuskuren gaishe ta da agogo a hannu, tana ajiyewa a bakin ƙofa, mako na zagayowa ta tarar suna tafiya. Ranar da ya fara magana, kamar yadda mai kula da gidan ta shaida mana, cewa ya yi, "Ranki ya daɗe, wannan agogon ba lalacewa ya yi ba, wani ne ba a ba shi ba, murɗa shi kawai yake buƙata." Ta ce masa ya ajiye ranki ya daɗe, kotu ta tashi, ya kira ta Yaya. A hankali ƙofa ta fara buɗewa faɗin tafin hannu, sannan ya yarda nas ta shiga, amma da sharaɗi ɗaya, sai Yaya tana zaune a bakin ƙofa. A kan wannan sharaɗi ɗakinsa ya tsaya har zuwa rasuwarta.

Saboda haka da labarin ya iso mana, kuka biyu ne ya haɗu wa Kwamiti. Lokacin zuwan nas ya gabato, wadda ake buɗe wa ƙofa kuma ta tafi. A zaman gaggawa, Mai Girma Shugaba, wanda likita ne kuma ya san abin da irin wannan labari ke iya yi wa mai rauni, ya ba da shawarar a ɗauko makulli na biyu a shiga tare da nas, a faɗa masa a gabanta. Shawara ce ta mai tsoron kada a yi asarar rai, kuma wasu sun goyi bayanta. Wanda ya tashi ya ƙi shi ne Ma'aji. Ya ce shi ne ya fi kowa yaƙar wannan doka tana raye, ba zai zama cikin masu karya ta ba ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, kuma a ba shi kujerar robar da take zama a kai, shi zai je. Kwamiti ya amince, da sharaɗin nas za ta kasance a cikin gidan ko da wani abu zai taso.

Ma'aji ya je ya ƙwanƙwasa. Aka amsa daga ciki cewa wannan ba bugun Yaya ba ne, sannan aka ƙara ƙarar rediyo. Ya zauna har rana ta take, bai iya faɗar abin da ya kawo shi ba, ya dawo washegari aka sake yi masa haka. Ya shaida wa Kwamiti da bakinsa cewa bai taɓa sanin kujerar nan tana da tauri haka ba. A nan ne muka sanar da iyalan marigayiyar halin da ake ciki, muna jin nauyin ɗora musu wani kaya a kan wanda suke ɗauke da shi. Babbar 'yarta ba ta bari mun gama bayani ba. Ta bar masu gaisuwa cike da falo, ta shigo motar gidauniya.

Ta tsaya a bakin ƙofar, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Kawu, ni ce babbar 'yar Yayarka. Mama ta rasu. Mun ƙi ka ji a rediyo." Waɗanda ke barandar sun ce rediyon ya mutu nan take, nas ta matso, Ma'aji ya ɗaga mata hannu ta dakata. Da muryarsa ta fito, ba kuka ya fara ba, tambaya ya yi: "To yanzu wa zai nemo wa Malam tabaransa?" 'Yar marigayiyar ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ce tun jiya ake nema ba a gani ba. Sai aka ji ana zare sakata.

Ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, abin da mai kula da gidan ta ce ba ta taɓa gani ba, ya ce a kai shi ya yi wa Malam gaisuwa, domin bai kamata ƙanin mace ya zauna a ɗaki mijinta yana karɓar gaisuwa shi kaɗai ba. Aka nemi takalmansa aka tarar sun bushe sun tsage saboda daɗewa ba a sa ba, Ma'aji ya cire nasa ya ba shi, shi ya bi su da safa kawai a ƙafarsa. Kafin su fita nas ta roƙi ta duba shi, ya miƙa mata hannu a tsaye a bakin ƙofa, 'yar Yayarsa tana riƙe da ɗayan. A gidan rasuwa ya zauna kusa da Malam, ba su yi doguwar magana ba, kuma da ya gaji da idon jama'a ya ce a mayar da shi, aka mayar da shi.

Ba ma son a fahimci wannan bayani fiye da yadda yake. Ba mu ce Mai Agogo ya warke ba, kuma shi ma bai ce ba. Da ya dawo ya rufe ƙofarsa, kuma ba mu san yadda makonni masu zuwa za su kasance ba. Abin da za mu iya tabbatarwa shi ne nas ta gan shi, ƙa'ida ta cika, Kwamitin Amintattu kuma ya zauna ya amince baki ɗaya cewa ɗakin nasa ne. Mai Girma Ma'aji ya ɗauki alkawarin zuwa kowane mako, kuma a zuwansa na farko bayan gaisuwar an ce masa daga ciki, "Mai Maƙo ne? Zauna, amma bugunka ya yi ƙarfi." Har yanzu ba a ce masa ya shigo ba, ya kuma ce zai jira.

A madadin Mai Girma Shugaba, da mambobin Kwamitin Amintattu, da ma'aikata, da masu gidajenmu baki ɗaya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam, wanda ya yi shekaru yana haƙuri da rabon matarsa da mu, da 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan'uwanta, da tsofaffin abokan aikinta na fannin shari'a. Muna godiya ta musamman ga babbar 'yarta, wadda ta yi mana abin da mu duka muka kasa a ranar da ita ce ta fi kowa buƙatar a rarrashe ta. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya jiƙan Gwaggo, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya yalwata makwancinta, Ya sa hidimar da ta yi wa bayinSa masu rauni ta zame mata haske, Ya saka mata da gidan Aljanna. Allah Ya bai wa iyalanta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, Ya tsare bayanta, mu kuma da muka rage a kan wannan amana Ya ba mu irin juriyarta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Marigayiyar ta rasu ta bar mijinta, da 'ya'ya huɗu, da jikoki. Da muka kai wa Malam wannan saƙo domin ya duba kafin a fitar, gyara ɗaya kawai ya yi, ya ce lissafin bai cika ba. Bisa umarninsa, muna sanar da cewa ta bar ƙane ɗaya, Mai Agogo, kuma duk mai yi wa iyalan addu'a ya sa da shi.

Sa hannu:
Jami'ar Hulɗa da Jama'a,
Gidauniyar Mafaka da Natsuwa,
a madadin Mai Girma Shugaba da Kwamitin Amintattu.