Ka Wanke Mahaifina Kafin Babi na Ƙarshe

Zuwa ga Malam Sanusi, marubucin littafin "Sawu a Laka", unguwar Gesse, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka.

Malam, ka taɓa tsayawa a bakin gulbi kana kallon mutane suna ɗaga gora saboda mahaifinka? Ka taɓa jin an kira tsohon da ya haife ka mai kisan kai, a gabanka, kuma ka san kai ne ka jawo masa? Ni na tsaya, na ji, ranar Talatar makon jiya a Zauro. Ku ma masu karatu da ke guruf ɗin littafin, tambayar nan har da ku, kada kowa ya zame.

Sunana Nasiru Umaru, ina gyaran injin ban-ruwa a Argungu. Aji huɗu na firamare na tsaya. Sauran karatun da kaina na ƙarasa shi, daga rubutun jikin buhun taki da takardun naɗe ƙosai, har na kai ga littattafai. In ka ga kuskuren rubutu ka gyara a ranka, maganar dai za ka gane ta. Na kira wayarka sau tara ba ka ɗauka ba, shi ya sa na fito da ita fili.

Na farko, yadda ka shigo gidanmu.

Da ranin bara ka sa a guruf cewa kana neman wanda ya san gulbi, za ka rubuta sabon littafi. Ni na amsa tun kafin kowa. Ni na ɗauko ka daga tasha a kan babur, ina ta washe baki, wai ga marubucin da nake so a bayana. Inna ta yi maka tuwon shinkafa da miyar kifi. Na kai ka wurin Baba, Malam Umaru, masunci kuma mai nutso, wanda in mutum ya nutse daga nan har Zauro shi ake aika wa ya zo ya tsamo gawa. Fiye da shekara talatin yana wannan aiki, ko goro ba ya karɓa.

Ka zauna a tabarmarsa da ɗan littafinka, kana tambaya kana rubutawa. Ka tambayi kunnensa na hagu, ya ce ruwa ya kashe shi. Ka tambayi yatsu biyun da babu a hannunsa na dama, ya ce igiyar ƙugiya ce ta cinye su. Ka ga jakar da ke rataye a wuyansa, ya buɗe ya nuna maka buntu, ɓawon shinkafar da masu casa ke zubarwa. Har bakin ruwa ya kai ka, ya watsa, ya ce maka: "Ka gani, Malam? Inda duk ya tsaya shina juyi, ƙasa nai akwai rami. Nan ruwa ka aje abin da ya ɗauka." Ka ce wallahi wannan ilimi ne, ka ce za ka sa duniya ta san irin su Baba. To, ta san shi.

Na biyu, abin da ka rubuta.

Ba zan yi maka ƙarya don ina fushi ba, littafin ya rubutu. Babi takwas na farko, injin wani manomi ya yini a kwance a gabana saboda na kasa ajiye waya. Sufeto Dikko ya shiga raina: ɗan sandan da ba ya ihu, ba ya mari, sai ya durƙusa ya auna sawu a laka da kara. Yadda makashin ke zaɓar mutane ɗaya bayan ɗaya yana nutsar da su, kowace gawa da buntu a aljihu, ni kaina tsigar jikina ta tashi. Ina cikin masu gardama a guruf. Ni na dage cewa wani mai sayen shinkafa da ke cikin labarin shi ne makashin, har aka yi mini dariya. Ko da na ga buntu a labarin ban kawo komai a raina ba, sai ma alfahari, na ce ga abin Baba ya shiga littafi.

Sai babi na tara. Ga wani tsoho ya fito daga cikin ruwa, kurma a kunnen hagu, babu yatsu biyu a hannun dama, jaka a wuya. Suna kaɗai ka canza, ka ce masa Mai Buntu. Ko hannun ba ka sauya ba, Malam. Dama ce a gida, dama ce a littafi. Sannan ka sa Sufeto ya tsaya yana kallonsa yana tambayar kansa, yaya mutum zai san inda gawa take in ba shi ya ajiye ta ba. Babi biyar ke nan kana juya wannan tambaya. Kowane babi ka ƙara wa tsohon wani abin zargi, ka bar shi a haka.

Na uku, ra'ayin masu karatunka.

Ina da hotunan saƙonnin duka a wayata, sunaye ne kawai ba zan sa ba. Wani ya ce shi ya san tsohon, a Argungu yake. Wani ya ce marubuci ba ya rubuta abu haka kawai, sai ya ji wani abu. Wata ta ce ita dama ta daɗe tana mamakin masu tsamo gawa. Sai ga wani ya ɗauki hoton Baba a kasuwar kifi, ya zagaye hannunsa da jan layi, ya turo. Mutum nawa suka yi dariya a ƙarƙashin hoton? Je ka ƙirga, yana nan.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mana, Malama Rahila, mai koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi. Ta rubuta cewa wannan tsoho shi ya tsamo ƙaninta, ya cire rigarsa ya rufe shi, ya zauna da su har motar cocinsu ta iso. Aka ce mata ta daina ɓata wa mutane daɗin labari. Kai kuma, mai littafi, me ka ce? Ka turo fuskar dariya, ka ce a ci gaba da hasashe. Ka ga hoton, ka gane shi, ka ci abinci a gidansa. Ka ce a ci gaba da hasashe.

Duk wannan da sauƙi da a waya ya tsaya. Da aka fara karanta littafin a rediyo duk Lahadi da la'asar, ya isa kunnen mutanen da ba su san akwai littafi ba. Manomi yana cikin fadama, rediyo a rataye a reshe, injin ban-ruwa yana ruri, ya ji rabi ya rasa rabi. Abin da ya kama shi ne sunan gulbinmu, da sunayen garuruwanmu, da wani tsoho mai buntu da 'yan sanda ke bi. Shi a wurinsa labarai ya ji. Kai ka san ƙagaggen labari ne, ni na sani. Shi wa ya gaya masa?

Na huɗu, abin da ya faru a Zauro.

Ranar Talata da hantsi kwalekwale ya kife da wani magidanci mai suna Haruna, yana tsallaka ruwa zuwa gonarsa. Kawunsa, dattijo ne da ya san Baba tun suna samari, ya kira waya. Na ajiye aiki na goya Baba, muka isa bayan azahar. Bakin ruwa cike da mutane. Baba ya yi sallama, ya tambayi inda jirgin ya kife, ya cire hula da takalmi ya miƙa mini. Ya sa hannu a jaka ya ɗebo buntu.

Idanun mutane suka koma kan hannunsa. Wani saurayi ya ce, "Kai, shi na! Mai Buntu na!" Wani ya ce, "Ku dubi hannu nai!" Kafin in ajiye takalmin an riƙe wa Baba wuyan riga. Ƙanin mamacin, idonsa jawur, yana tambayarsa, "Wa ya gaya maka nan yake? Ina ka san?" Baba bai ma ji da kyau ba, ta kunnen hagu ake masa ihun. Yana ta juyo da na dama yana cewa, "Mi ka ce, ɗana? Mi ka ce?" Aka fara jifan mu da hoge. Na ga gora biyu a sama. Ni kuma sufanar gyaran inji ce a aljihuna, na zaro ta, kuma Allah ne ya san abin da zan yi da ita da kawun nan bai faɗo tsakani ba. Ya rungume Baba, ya ce duk mai son dukansa ya fara da shi. Da haka muka kai ga babur. Takalmin Baba ƙafa ɗaya yana can har yau.

Ba wanda ya shiga ruwan a inda ya kamata. Sai ranar Juma'a Haruna ya taso da kansa, can ƙasa da gari, a yanayin da ko wanka ba a iya yi masa yadda ya dace ba. Kwana uku matarsa da uwarsa suna zaune a bakin gulbi. Baba ya ce da an bar shi, kafin la'asar ɗin Talata za a yi masa sutura. Ban ga laifin ƙanin Haruna ba. Mutum ne da ɗan'uwansa ke ƙarƙashin ruwa, aka miƙa masa wanda zai tsana. Ina so ka tambayi kanka wa ya miƙa masa.

Na biyar, halin da Baba ke ciki.

Tun ranar bai je gulbi ba. Masallaci ma sai an tayar da salla yake fita, ya tsaya a sahun baya, ya dawo kafin a shafa. Jakar tana rataye a ƙusa. Inna ta hana ƙannena mata zuwa kasuwa saboda abin da ake faɗa musu a hanya. Ga ruwa yana ƙaruwa, kowa a nan ya san abin da ke biyo bayan haka. In wani ya nutse gobe, wa za a kira? In an kira, wa zai bar shi ya je?

Shekaranjiya bayan la'asar ya ce in kawo waya in karanta masa. Na ce Baba bar shi. Ya ce karanta. Na zauna a damansa, na karanta daga babi na tara zuwa na goma sha uku. Bai katse ni ba sai sau ɗaya, inda ka ce tsohon ya watsa buntu daidai inda jirgi ya kife. Ya girgiza kai ya ce, "A'a. Sama kaɗan aka watsawa, ruwa shi kawo shi. Na gaya mai." Ka ji fa. Ana ƙulla masa kisan kai, shi yana gyara maka aiki.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba.

Ranar Lahadi za a karanta babi na ƙarshe. Kafin a fara, ka shiga rediyon da bakinka, ka ce labarin ƙage ne, ba a taɓa yin wannan kisa a gulbinmu ba. Ka ce kamannin Mai Buntu daga jikin Malam Umaru na Argungu ka ɗauke su ba da izininsa ba, kuma abin da ka sani game da shi alheri ne. Ka rubuta haka a guruf, ka sa a goge hoton. Ka je Zauro ka yi wa iyalan Haruna ta'aziyya, ka faɗa musu wannan magana ido da ido. Ni zan goya ka, na san hanya, na saba ɗaukarka. In za ka buga littafin a takarda, ka mayar wa tsohon nan yatsunsa da kunnensa, ka nemo wani kamanni daga kanka, ai aikinka ke nan. Wanda Sufeto Dikko zai kama kuwa, wannan naka ne, ban sa baki ba.

Kada ka aiko mini saƙo a ɓoye ka ce mu sasanta. A gaban jama'a aka ɓata shi, a gaban jama'a za ka amsa.

Da na gama karanta masa rannan, Baba ya dubi jakar. Sai ya juyo da kunnensa mai ji ya ce, "To, Nasiru, a ƙarshe ni na?" Ni ban sani ba. Kai kaɗai ka sani. Ranar Lahadi zan ajiye rediyo a damansa, kuma Argungu da Zauro za su saurara tare da mu. Ka amsa masa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, ya tsare naka mahaifin daga irin wannan rana, ya jiƙan Haruna ya ba iyalinsa haƙuri.

Wassalamu alaikum, daga wanda ya kawo ka gidansu da hannunsa,

Nasiru Umaru,
mai gyaran injin ban-ruwa, Argungu.