Ni Na Buga Teburin, Ba Nuala Ba

Fintan Mulvihill,
Gida na 4, Layin Bayan Coci,
Kilbrannig, Gundumar Roscommon.
3 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ofishin Sauraron Ƙorafin Jama'a kan Lauyoyi,
Dublin.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN JANYE ƘARAR DA AKA SHIGAR DA SUNANA KAN ƘUNAR SHAYI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni mai suna a sama, tsohon ma'aikacin gidan waya mai shekara saba'in da ɗaya, ina gabatar da ƙorafi kan kamfanin lauyoyin da sunansa ke kan takardun da na haɗo. A ƙa'ida lauyoyina ne. Suna ƙarar kwamitin zauren taron garinmu da Uwargida Nuala Geraghty a madadina, kuma za a zauna ranar 27 ga Maris. Ba na son wannan ƙara, an kuma hana ni fita daga cikinta.

1. Ranar Laraba, 8 ga Nuwamba, 2023, da misalin ƙarfe uku na rana, muna kartar tsofaffi a zauren kamar kowane mako. Uwargida Geraghty, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ta shekara talatin tana dafa mana shayi ba a biyanta ko sisi, ta ajiye mini kofina a gabana. Babbar karta ta faɗo hannuna. A garinmu ba a ajiye irin wannan karta a hankali, da ƙarfi ake maka ta a tebur don abokan wasa su ji a jikinsu. Na maka ta. Kofin ya yi tsalle ya kife mini a cinyar dama. Mutum goma sha ɗaya sun gani, yawancinsu dariya suka fara yi kafin su tashi neman ruwan sanyi.

2. Takardar ƙarar ta ce shayin ya wuce kima a zafi, kuma ba a gargaɗe ni ba. Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina damun wannan baiwar Allah da mitar cewa shayinta ruwan wanka ne. Saboda bakina ne take ɗauraye kofina da tafasasshen ruwa, ta kuma zuba mini kafin kowa. Abin da na roƙa shi aka ba ni.

3. Ranar 21 ga Nuwamban nan na 2023 surukina, Cathal Devaney, mijin 'yata tilo, ya kawo mini wani lauya har falo. Suka ce kamfanin inshorar zauren ne zai biya, babu ɗan garin da abin zai taɓa. Ba zan ɓoye wa ofishinka ba: na tuna rufin ɗakina da ke yoyo, na sa hannu ban karanta ba. Wannan ma laifina ne, kuma ya fi ƙunar ciwo.

4. A wannan zama, don in nuna musu kirkin mutanen garinmu, na ɗauko katin gaisuwar da Uwargida Geraghty ta kawo mini tare da kek ɗin tuffa washegarin abin. A ciki ta rubuta cewa ta kasa samun sukuni, da ta sani da ta ajiye kofin can nesa da ni. Duk wanda ya san ta ya san ko ruwan sama ne ya ɓata wa mutum shanya sai ta ba shi haƙuri. Lauyan ya ce zai ɗauki hoton katin ya dawo da shi. Bai dawo da shi ba. Sai ranar 16 ga Yuli, 2024, da na matsa aka ba ni kwafin takardun, na ga katin a shafi na tara da sunan shaidar amsa laifi.

5. A takardun kuma an ce ƙunar ta hana ni rawa da walwala cikin jama'a. Ƙunar ta warke cikin kwana goma sha tara. Rawa kuwa, rabona da ita tun bikin 'yata, kuma waɗanda suka gani ba su nemi ƙari ba.

6. Walwalar dai ta tafi, amma ba shayi ne ya tafi da ita ba. Kamfanin inshora ya sa an kulle tukunyar shayin zauren har sai an gama shari'a. Yanzu lemon kwalba ake ba tsofaffi a tsakiyar hunturu, hatta a zaman makoki. Abokin wasana na shekara goma sha biyar, Packie Durkan, ya raɗa mini suna Cinyar Zinariya, yana tambayata a gaban mutane nawa ake sayar da ɗaya cinyar. Na daina zuwa karta. A coci ina samun benci guda ni kaɗai.

7. Na rubuta wa kamfanin lauyoyin sau uku a 2024, ranakun 22 ga Yuli, 9 ga Satumba da 2 ga Disamba, cewa a janye ƙarar. Amsarsu ɗaya ce: in na janye, duk ɗawainiyar shari'ar ta ɓangarorin biyu za ta hau kaina, abin da ko gidan nan na sayar da ƙyar ya isa. Sun kuma gargaɗe ni a rubuce kada in yi magana da wadda ake ƙara. Ita ma nata lauyoyin haka suka gaya mata. Ƙofarta na kallon tawa, taku talatin ne tsakani. Wata goma sha huɗu ke nan, in ta hango ni sai ta sunkuyar da kai ta koma ciki. Cathal ya ce in na tona gaskiyar maganar a kotu na kunyata shi, 'yata kuma kuka take yi duk lokacin da na ɗauko zancen. Wallahi na rasa ta inda zan juya.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka:

(a) ya binciki yadda aka karɓi sa hannuna da katin, a kuma mayar mini da shi;

(b) ya nuna mini hanyar janye ƙarar kafin 27 ga Maris ba tare da na rasa matsugunina ba;

(c) in hakan ba zai yiwu ba, a shigar da wannan takarda gaban alƙali a matsayin shaidata, ko da za ta kayar da ni.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran gaggawa. Jiya bayan ibada limamin cocinmu ya ja ni gefe ya gaya mini cewa Uwargida Geraghty ba ta san bambancin irin wannan ƙara da shari'ar masu laifi ba. Ta tambaye shi ko ana barin mutum ya shiga gidan yari da maganin hawan jininsa. Ya yi mata bayani, ta ce ta gode, amma ta san lallashinta kawai yake yi. Ta riga ta haɗa ƙaramar jaka, ta kuma roƙi maƙwabciya ta riƙa duba mata mijinta da ba ya iya tashi. Ni ba ni da izinin tsallaka titi in gaya mata babu mai ɗaure ta. Ina roƙonka, don Allah, ka sa a rubuta mata layi biyu a takarda mai tambarin ofishinka. Gidanta shi ne na 7.

Ina mai ban haƙuri kan tsawon wannan takarda, tare da matuƙar girmamawa.

Naka mai biyayya,

Fintan Mulvihill