Tukkun Illa

Da sunan Allah mai jinƙai. Wannan takarda daga yayarki Yakura ce a Gure, zuwa ga ƙanwata Habsu a Yerwa. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki Alhasan da yara, Allah ya sa ta tarar da ku cikin lafiya, ya raba ku da sharrin zamani. Malam Ma'azu ne ke rubuta mini, na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya shafa mata mai. Ni ina nan, gwiwa ce dai ta ƙi. Gero ya yi dama-dama bana, ba kamar shekarar fara ba. Biba ta haihu, mace, sun tashi lafiya. Akuyar da kika bar mini kura ta ɗauke ta.

To ki aje abin da ke hannunki ki zauna, maganar ɗanki Ibram ce. Yana da rai, kada ki soma kururuwa. Amma hannunsa na dama ya tashi daga aiki, in kuwa ba ki yi abin da zan gaya miki ba, sauran jikin ma zai bi.

Ke kina can kina taƙama ɗanki mushe ne, yadda ake ce wa malamin lakwal, makarantar Nasara. Ni da yake kwana gidana tun da Nasara suka turo shi, ni na san abin da ke ciki. Yaran nan ba wanda ubansa ya kawo da son rai, kamo su aka yi daga Kelle da Gidigir da Alakos. Shi kaɗai ne a kansu, manya da ƙanana cikin rumfa ɗaya, yana zuba musu faransanci har murya ta dishe, suna kallonsa kamar ana yi wa kurma kiɗa. Da yamma ya kora su gonar lakwal da ɗibar ruwa. In yaro ya gudu Ibram ya faɗa, gardi, ɗan sandan bariki, ya je ya zane uban yaron. In ya ɓoye maganar, shi kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ke ci wa mutunci. Mutanen gari ba sa sa hannu a akushi ɗaya da shi. Yana dukan yaran, ba zan ɓoye miki ba, tsumagiyar tsamiya ba ta kwana biyu a hannunsa.

Da zafin bazara likitan Nasara ya biyo, ya duba kawunan yara ya ce ƙwarƙwata, a aske kowa tas a ƙone gashin. Wanzami ya yi ta aski har ya zo kan wani yaro Illa, ɗan Buraima makiyayi na wajen Alakos, sai ya naɗe askarsa ya ce shi kam ba da shi ba. Uwar yaron, Dija, wabi ce, duk waɗanda ta haifa gabaninsa ba su kai yaye ba. Shi ya sa aka bar masa tukku da laya ɗinke a ciki, aka rantse aska ba ta taɓa shi sai uban da hannunsa, ran da ya zama mutum. Kowace jaka a garin nan ta san wannan. Na gaya wa Ibram da bakina ya bar wa yaro tukkunsa. Ya ce likita zai komo dubawa, kuma gashi ba ya riƙe rai. Ya sa manyan yara suka danne Illa, ya karɓi askar da kansa. Yaron na fizga, aska ta shiga fata, jini ya rufe masa ido. Tukku da laya duk aka watsa cikin wuta.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama yaron, wuya ya sanƙare. Labari ya kai ruga. Ran kasuwa da hantsi Buraima ya shigo rumfar lakwal, takobi cikin riga, bai yi sallama ba. Ibram na tsaye gaban baƙin allo yana rubutu. Wuyansa Buraima ya nufa. Ɗanki ya tare da hannu, takobi ya zubar da yatsu uku ya tsaga dantse har gwiwar hannu. Jini ya wanke yaran da ke gaba, sauran suka keta zana suna tattaka juna. Kafin Buraima ya sake ɗagawa masu gadin bariki suka iso, suka sa masa gindin bindiga a baki har haƙora suka zube, suka ɗaure shi a bayan doki suka ja. Ni na iso da gwiwar nan tawa, na ɗaure dantsen da kallabina, na sa aka tafasa man shanu na kwarara a kai. Ihun da Ibram ya yi har kasuwa an ji. Yatsun na tsince su cikin rairayi, alli na maƙale a tsakaninsu, na binne bayan ɗakina.

Buraima kuwa a ƙofar bariki aka miƙe shi, aka jera ƴan lakwal su yi kallo. Bulala ta ci bayansa har fari ya fito. Ibram ya tashi da zazzaɓinsa ya je roƙo, ya ce shi ya jawo, kumandan ya sa aka kore shi. Wata bai mutu ba Buraima ya cika a kaso. Yaron kuma, ikon Allah, ya tashi garau.

Ga abin da ya sa na kira Malam Ma'azu. Ƙanen mamacin, Bubakar, shi ya maido Illa lakwal da ƙafarsa, ba gardi ba kora. Ya gaida Ibram da ladabi, ya tambayi hannu, ya ce a sa yaro a gaba ya riƙa ganin fuskar malaminsa da kyau. An bar wa Illa sabon tukku, kuma matan da ke kawo nono sun gaya mini Dija ta rantse wannan ba a aske shi sai ƙasa ta rufe idon mushe. Bubakar ya sauke shanunsa bakin rijiyar gari, wurin da ko tsinke babu. Makiyayi ba ya zama inda babu ciyawa sai da dalili.

Na ce wa ɗanki ya kama hanya ya ƙetare wajenku, inda kumandan ba shi da iko. Ya ƙi. Yana can yana koyon rubutu da hagu kamar tonon kaza, ya jefar da tsumagiya, wai Illa ya fi kowa kai. Wai in ya tafi za a kawo wani wanda bai san tukku ba. Na ce masa shi ma da ya sani me ya hana. Ni ba ya jin tawa, ban ba shi nono ba. Ke kika ba shi. Ki aiko ta hannun fataken kanwa, ki ce in salla ta same shi a Gure ba ki yafe nononki ba. Kada ki sa lallashi a ciki, kada ki tsaya kuka, mai kuka ba ya ganin hanya.

Ki gaida Alhasan, da Mairamu da mijinta, da Aisami, ki ce masa har yanzu ina jiran turaren da ya yi mini alkawari. Biba da Yabawa suna gaishe ki. Likkafanin da na saya wa kaina yana nan cikin tukunya. Na auna, zai ishi Ibram, amma ni na saya, kuma ni nake so in sa abina.

Yayarki, Yakura.