Inda Masara Ba Ta Tsayi

Ni mahaifiyarku ce. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, jikin ne kawai ya gaza. A karanta a gabanku ku uku: Babba, Auta, da ɗan tsakiyarku wanda kuke yi wa laƙabi da Mai Taswira.

Na ɗaya. Gidan nan na Babba da Auta ne. Ɗakin da rufinsa ke yoyo a bar wa Mai Taswira idan ya zo kwana.

Na biyu. Babbar gona babu ita a rabo, kun san dalili, amma ina so a faɗa a gabansa. Akwai wani layi a cikinta inda masara ba ta taɓa yin tsayi ba. Ni na nuna masa tun yana goye. Da ya shiga jami'a karatun binciken kufai, aka koya masa cewa shuka takan tsumbure a kan ganuwar da ƙasa ta binne. Ya kawo abokan karatunsa bayan huɗa, suka jeru suna tafiya kai a sunkuye, suna tsintar tsingaro, suna kafa turaku. Har abinci na dafa musu. Ya ɗauki hoton gonar daga sama, ya zana, ya rubuta, aka yaba masa. Sai hukuma ta zagaye ta da waya, wai tsohon gari ne. Mahaifinku ya yi ta zuwa yana tsayawa a bakin wayar da fartanyarsa har ciwo ya kwantar da shi.

Na uku. Ƙaramar gonar bayan gida ta Auta ce, ita kaɗai ta rage muku. Auta, kina da taushin zuciya, shi ya sa nake gargaɗinki. Kada ki bari yayanki Mai Taswira ya taka ta bayan an yi huɗa ruwa ya sauka. Lokacin ne idonsa ke aiki.

Na huɗu. Buhunan tsingaron da ya jibge a ƙarƙashin gadona, kowane da lambarsa, su ne gadonsa. Ya dafa ya ci.

Na biyar. Babba, ka daina zaginsa a bainar jama'a. Rigimar ta ƙare. Shiru ya fi masa ciwo, na gwada.

Na shida. Kada a kira shi sai an rufe ni. Kada a kafa alama, kada a nuna masa wurin. Ya taɓa ce mini babu ramin da aka haƙa aka cike wanda ciyawa ba za ta tona asirinsa ba. To, ya jira damina ya zo ya neme ni.

Allah Ya yi muku albarka ku duka, har da shi. Ku riƙe zumunci, ku ci a kwano ɗaya, kada ku rufe masa ƙofar gida. Ta gona kawai.