Sifikun da Ba Za a Ara Ba

Daren Talata, Ƙaura Namoda

Yaya Sani ya dawo mini da sifikuna daga walimar ɗansa, ta dama tana kuka kamar tsohon gwangwani. Wai, "Haba Bello, ai sun yi aiki, har garin Kurya an ji su!" Ko haƙuri bai ba ni ba. Shekara shida ban taɓa ƙure musu murya ba.

Wata biyu ina kwatanta sababbi a takarda, har na tsaya kan manyan. Yau na soke su. Ba a hana babban wa aro, ga sunan jikansa na tafe. Ƙanana zan saya. Wataƙila rowa ce, oho. Idan ya gan su zai raina su, ni kuwa abin da nake so ke nan.